Haƙoran Baba Kunne

Shekara arba'in da ɗaya Baba Kunne ya yi yana sauraron motoci. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, domin mota na shigowa gareji, kafin a kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. Babban kayan aikinsa sanda ce siririya mai tsawon hannu. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido. Da wannan sanda ya gina ɗaki uku, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya kai ɗansa namiji tilo jami'a. Yaron ya rasu a shekararsa ta ƙarshe ta karatu. Bayan mako guda Baba ya koma bakin aiki, bai ƙara zancen ba, ba kuma wanda ya tayar masa.

Sai kunnen ya fara tafiya. Na hagu ne ya riga, na dama ya bi a hankali. Wata shida yana ɓoyewa. Yakan bar ƙaninsa Dogo, wanda suke garejin tare, ya fara magana, shi kuma ya gyaɗa kai kamar alƙali. Sau biyu suka sauya wa mota abin da lafiyarsa ƙalau. Ran wata Litinin ya fito gida da shawara a zuci: motar farko da ta shigo, in bai gane ciwonta da kansa ba, zai miƙa wa Dogo makulli ya koma gida ya zauna.

Motar farko ta wata malamar asibiti ce.

"Baba, da na murɗa sitiyari sai ta hau kuka kamar kwikwiyon da aka taka," in ji ta. "A bakin asibiti har masu gadi sun san zuwana."

Dogo ya buɗe bonet, ya sa ta murɗa hagu, ta murɗa dama. Ya yamutsa fuska.

"Famfon sitiyari ne, Yaya. Ya gama aiki. Sai sabo."

Baba ya ɗauko sandarsa, ya ɗora a kan famfon, ya kara a kunnen dama. Bai ji komai ba sai wani gunji can nesa, kamar ana daka a wata unguwa. Ya sauya kunne. Shiru. Gumi ya karyo masa har ya ɓata gilashin idonsa. Don ya samu hannun gogewa, sai ya cije bakin sandar da haƙora, ɗaya bakin yana nan kan famfo.

Ƙarar ta cika masa kai.

Ta bi ta haƙora, ta hau muƙamuƙi, ta zauna a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, tar, kamar yadda yake ji yana ɗan shekara ashirin. Ya tsaya cak da gilashi a hannu. Ya ɗaga wa malamar yatsa ta sake murɗawa. Ga kukan nan siriri, amma a ƙarƙashinsa babu gurzar ƙarfe da ƙarfe. Wani ƙas-ƙas ne ƙanana, irin na ruwa in ya kusa tafasa.

"Yaya, in yunwa ce a aika a sayo maka abinci," in ji Dogo. "Haƙora nawa suka rage maka da za ka ƙarar da su a kan itace?"

Baba ya zare sandar.

"Kashe ta, 'yata. Dogo, buɗe min robar man sitiyari."

Dogo ya buɗe. Man ya yi kumfa, ya zama kamar shayin da aka sheƙa.

"Iska take sha," in ji Baba, muryarsa ta fi yadda ya yi niyya ƙarfi. "Famfon nan lafiyarsa ƙalau, kumfa yake taunawa."

"Ta ina? Ko ɗigo ɗaya babu a ƙasa."

"Tiyon da ke zuƙa ba ya ɗiga, ɗan'uwana. Shaƙa yake yi. Shekara nawa ina gaya maka?"

Ya cusa hannu ya bi tiyon da ke kai mai cikin famfo. Bakin tiyon ya bushe ya yi tauri, yana juyawa a yatsa. Ya cire shi da kansa, ya sa sabo, ya matse zoben ƙarfen, ya zuba sabon mai. Suka ɗaga gaban motar da jak. Ba tare da an tayar da inji ba, ya zauna a kujerar direba yana kai sitiyari ƙarshen hagu, ya dawo da shi ƙarshen dama, Dogo na leƙa robar man yana ba da labarin ƙwayoyin kumfa.

"Ga su nan suna fitowa. Manya. Yanzu ƙanana. Sun tsaya."

Aka sauke motar, malamar ta tayar, ta murɗa. Baba ya ga ta buɗe baki tana dariya, ya ga Dogo ya sosa ƙeya, amma bai yarda da fuska ba. Ya sake cije sandarsa. Famfon na juyawa sumul.

Da ta fita, ya tsaya yana kallon sandar, da sawun haƙoransa a jiki.

"Dogo, kunnena ya mutu."

"Mun sani, Yaya. Wata shida kana amsa gaisuwar da ba a yi maka ba."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa sau uku. Ba ka ji ba."

Baba ya yi dariya har ya dafa bango. Sannan ya nuna wata tsohuwar a-kori-kura da ta kwana huɗu a lungu ta gagari kowa.

"Je ka tayar min da waccan," ya ce, yana goge bakin sandar a rigarsa. "Yau sai na ji me take cewa."