Numfashin Kaka a cikin tanki

Jiya a hanyar lakwal, makarantarmu, na bi ta gaban mai facin taya, warin gam ya bugi hancina, sai na tsaya cak. Haka hannun kakana yake wari.

Tsohon makanike ne, ya yi shekaru yana harhaɗa ƙaramin jirgin sama a bayan gidanmu. Tankin esansi, wato na fetur, ya fi cin ransa. Yakan ce, "Mota in ta yi yoyo sai ta raɓa gefen hanya. Sama fa, amaryata, ina gefenta?"

Ranar da ya gama liƙe tankin, ya ɗaura jan balan-balan a bakin bututun tankin, ya hura iska ta wani ramin har ya kumbura, sannan ya toshe. Ina jin ƙirjinsa yana ƙugi.

"In bai saki ba har jibi, aiki ya yi. Ke ce mai gadi."

Kaka bai kai jibin ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Kawu ya ga yara suna rububin balan-balan ɗin, ya miƙa hannu zai cire. Ni da ko gaisuwa sai an matsa mini, na ji bakina ya ce, "Kawu, numfashinsa ne a ciki."

Ya janye hannunsa a hankali.

Kullum da safe ina leƙawa, balan-balan ɗin yana ƙanƙancewa, har ya kwanta. Har yanzu ban sani ba, tankin ne ya yi yoyo ko robar ce ta gaji.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya masa makwanci, ya hutar da ƙirjin nan nasa.