Hayaƙin Injina Ne Ya Kayar da Ni a Rijiya

Assalamu alaikum. Daga Zango nake rubuto muku, a nan Wagadugu. Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ban daɗe da ajiye tuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, ba. Na yi shekaru a kan hanya tsakanin nan da Yamai da Lome, har bayana ya gaza. Sai na kama ɗan fili a Tanghin, bakin baraj, wato madatsar ruwa, na fara noman salati da kabeji da albasa. Ni mutum ne mai ji da kansa a kan inji. A ganina, wanda ya sha kwance injin kamyo a tsakiyar daji, ba wani ɗan motopom na ban ruwa da zai koya masa komai.

Da bazara ta yi tsanani, ruwan rijiyata ya ja ƙasa sosai, injin ya kasa jawo shi daga sama. Na yi dabara: na sassaƙa wani ɗan gurbi a jikin rijiyar, na ɗaure motopom ɗin da igiya na zura shi ciki, kusa da ruwa. Ruwa kuwa ya zo da ƙarfi. Maƙwabcina a lambun wani dattijo ne Bamoshe, kowa Yaaba yake ce masa, wato kaka. Ya leƙo ya gani, ya ce mini in har na nace sai injin ya zauna a ciki, to kada in kuskura in sauka yana aiki, ko bayan an kashe shi sai an jima. Na yi dariya, na ce masa hayaƙin kamyo na sha shekara da shekaru bai kashe ni ba. Ya koma bakin aikinsa.

Wata ranar Talata da hantsi, tiyo ya kuɓuce daga bakin injin. Injin nan yana da wuyar tashi, in ya mutu sai na yi gumi, don haka na ƙi kashe shi. Na ce minti biyu ne. Na sauka, na mayar da tiyon na ɗaure. Da na ɗago sai na ji kaina ya yi nauyi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na kama tsani, na taka ɗaya, na biyun ban san yadda aka yi ba. A likita, wato asibiti, na farka, da roba a hancina, matata tana gefe idanunta sun kumbura.

Daga baya aka ba ni labari. Yaaba ne ya lura ruwa yana ta malala a kwami ɗaya ba mai juya tiyo. Ya leƙa ya gan ni a dunƙule a kan gurbin. Mutane suka taru, wasu za su faɗa ciki, ya tare su da sanda. Ya sa aka fara jawo injin waje da igiyarsa, sannan ya ce shi ne ya fi kowa rashin nauyi, a ɗaure shi a zura. Ya sauka ya ɗaura mini igiya aka jawo ni, shi ma a sume aka fito da shi. Kwana uku ya yi a gadon da ke kusa da nawa. Tun daga nan bai ƙara iya ɗaukar bokitin ban ruwa ba, ya bar wa 'ya'yansa lambun. Wannan shi ne abin da har yau yake cin raina, kuma ni na jawo.

Da na dawo gida sai na tarar labari ya riga ni. Wai aljanun rijiya ne suka buge ni don na dame su da ƙara. Kawuna ya zo da rubutu, ya ce a cike rijiyar, a yanka baƙin akuya. Matata ta roƙe ni in rabu da filin. Na sha rubutun don girmansa, kuma ban taɓa musun akwai aljanu ba. Amma dokotoron da ya duba ni ya yi mini bayani da bakinsa: a cikin hayaƙin esansi, wato fetur, akwai wata iska marar wari, wadda in ta taru a rami take kayar da mutum kafin ya ankara. Na faɗi haka a ƙofar masallaci bayan la'asar, wani ya ce ashe likita ta mayar da ni Nasara. Na juya na ce wa kawuna a gaban kowa, “Kawu, ka yi haƙuri, amma ba zan ɗora wa aljani laifina ba. An gargaɗe ni, na yi taurin kai. In muka ce aljanu ne, gobe wani zai yi sadaka ya sauka, ya mutu.” Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Ban cike rijiyar ba, ban bar filin ba. Da guga na ƙarasa bazarar nan, da ciwon kai da mantuwar da abin ya bar mini, har Allah ya hore mini ɗan famfo mai aiki da hasken rana. Wasu masu lambun suna ce mini mai wa'azin inji, don duk inda na ga an zura motopom a rijiya sai na tsaya na yi magana, ko an so ko ba a so. Su yi ta faɗa. Ba zan daina ba.

Abin da na koya shi ne, sanin inji bai sa na san rami ba, kuma gangancin mutum ba shi kaɗai yake ci ba. 'Yan'uwana masu lambu, kada ku sa inji mai esansi a cikin rijiya. Kada ku sauka ba igiya a ƙugunku, ba mutane a sama. In wani ya faɗi a ciki, ku fara fitar da injin, ku kira 'yan kwana-kwana, kada ku bi shi a guje. Ni an samu wanda ya sayar da lafiyarsa ya fito da ni. Ba kowa ne zai samu ba.