Shirun Sule Mai Lambu

Akwai wani aibi da ya yi yawa cikin mutane, wato duk canjin da ya zo musu da sauƙi sukan karɓe shi hannu biyu, ba su tsaya tambayar daga ina ya fito ba. In mafaɗaci ya yi shiru sai a ce ya shiryu, alhali mai hankali zai fara tambaya ko lafiya.

Sule Mai Lambu haifaffen Safo ne, amma tun yana saurayi ya koma Madarumfa, ya kama fili a bakin tabki yana noman albasa da tumatir. Mutum ne mai ƙwazo, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Sai dai Allah ya yi shi da mita. Rana ta yi zafi, laifi. Hadari ya taso, laifi. Miya kuwa tun da aka kawo masa matarsa Mariama bai taɓa cewa gishirinta ya yi daidai ba. Ita ta saba, har takan ce da mitarsa take gane an tashi lafiya.

Wata ranar kasuwa yana bisa amalanken jaki zai kai albasa, wani mai moto, wato babur, ya firgita jakin, Sule ya faɗo da ka. Ya ɗan suma, ya farfaɗo a asibitin garin ana ɗinke masa goshi. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya so a kwantar da shi a sa masa ido, domin raunin kai ba a gane zurfinsa daga fata.

Sule ya ce, "In kwanta, albasata tana shan rana a hanya? Ɗinki ne, kun yi, Allah ya saka."

Da ya ƙi, majo ya ja Mariama gefe ya ce, "In ya yi amai, ko barci ya yi masa yawa, ko kika ga ba yadda kika san shi ba, ki dawo da shi ko yana so ko ba ya so."

Washegari Sule ya tashi da sanyin hali. Awaki suka shiga lambu, bai ce uffan ba. Ya zauna gindin itacen bedi ya dafe kai yana gyangyaɗi, duk wanda ya gaishe shi sai murmushi. Unguwa ta ɗauka da murna. Ƙanensa Umar ya zo ya ce, "Yaya Mariama, ki gode Allah. Abin da wa'azi ya kasa, jaki ya yi!"

Ta yi dariya tare da su, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta yi tunani cewa halin da ya tsufa tare da mutum ba ya barinsa dare ɗaya. In tuba ne, ai da ya zo da magana. Sai ta yi miyar kuka, da gangan ta hana ta gishiri, ta ajiye masa. Ya ci loma kaɗan, ya ce, "An gode, ta yi daɗi."

Nan take ta miƙe. Ta ce, "Malam, tashi mu koma asibiti."

Umar da ke zaune a wurin ya ce, "Don ya yaba miya?"

Ta ce, "Kai ɗanɗana ka ji."

Ya ɗanɗana, ya yamutse fuska, ya fita neman mota. Kafin su isa, Sule ya yi amai a hanya.

Majo ya haska idanunsa, ya tambaye shi ko ina yake, Sule ya ce Safo. Nan take aka tura su Maraɗi. Hoton cikin kai ya nuna jini ya ɗan taru ƙarƙashin ƙashi. Likitoci suka ce bai kai ga fiɗa ba, amma jinkiri zai iya kai shi. Aka kwantar da shi, ana ba shi magani, ana yawan duba idanunsa da tambayar sunansa. Mariama na zaune gefe tana jira.

Wata safiya ma'aikaciyar jinya ta sake tambaya, "Baba, yaya sunanka?"

Sule ya harare ta ya ce, "Yarinya, ke ba ki riƙe abu ne? Kuma wa ya dama wannan kunu kamar ruwan wanki?"

Mariama ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo!" Duk ɗakin aka fashe da dariya.

An sallame shi da sharaɗin hutu. Ciwon kai ya bi shi 'yan watanni, musamman in rana ta take, sannan ya rabu da shi. Tun daga nan ya bar wa ɗansa Habibu kai kaya kasuwa, shi ya tsaya kan ban ruwa da renon iri. Yana nan da ransa a bakin tabki, kuma masu lambu har daga Ɗan Issa suna zuwa sayen irin albasarsa.