Illo Likitan Agwagi

Da ya idar da sallar asuba, Dakta Illo Wada ba ya neman shayi sai ya leƙa ɗakin ɓerayensa. Ya auna wannan, ya duba idon wancan, yana yi musu magana kamar jikokinsa. Haka yake yi a labo, ɗakin bincikensa da ke Yamai, shekara da shekaru. Mu mutanen Madarumfa da muka ji labari, dariya muka sha. A ce ɗan Wada masunci ya je har Dakar karatu, ya dawo yana kiwon ɓera!

Bari in faɗa muku abin da idonmu ya gani, don bana, 1979, yana bikin cika shekara ashirin a wannan aiki.

Da sinadarai ya fara, yana gwada gyaɗar da ake fitarwa waje. A nan ya san dafin da hunhuna ke bari a cikin ƙwayar da ta sha danshi. Daga nan ya koma nazarin garkuwar jiki, yadda jini ke yaƙi da cuta, ya bi masu allurar ƙyanda ƙauye ƙauye har Gabi. A yawon nan ya yi ta cin karo da magidanta masu kumburin ciki, hantarsu ta lalace. Wannan ya kai shi ga ɓeraye, yana bin yadda ciwon daji ke kama hanta tun daga tushe.

Amma gwajin da ya fi ba shi wuya, a tsakar gidan Gwaggo Tani ya yi shi, ƙanwar babansa da ta rene shi. Ita ce sarauniyar ƙuliƙuli a unguwarmu. Al'adarmu kuwa kun santa: gyaɗa mai kyau a kai wa masu awo, wadda ta ƙanjame ko ta yi baƙi a bar wa gida. Da ita Gwaggo ke matse mai, da ita take yi wa jikokinta miya.

"Gwaggo, wagga gyaɗa a daina cinta," in ji Illo, wata kaka da ya zo hutu.

"Da ita na rene ka, ga ka nan ƙato. Zubar da abinci nika yi don ka yi karatun lakwal?"

Bai ja da ita ba. Ya sayo 'yan agwagi a bakin tafki, ya raba su akurki biyu. Waɗansu ya ba su tunkuzar gyaɗa mai kyau, waɗansu ta baƙar. Mata suka riƙa leƙowa ta katanga, daga ranar sunan Likitan Agwagi ya bi shi. Kafin hutunsa ya ƙare, na akurkin farko suna ta wanka a kasko, na biyun sun lafe, waɗansu sun mutu. Ya buɗe cikin ɗaya daga matattun, ya miƙa wa Gwaggo hantar da ta ɓaci a kan faifai.

Macen da ta shekara hamsin tana gyaran kaji ba a koya mata kalar hanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ambaci mijinta, marigayi Audu, wanda kumburin ciki ya ɗauke.

"Ban da tabbas a kan Baba Audu," in ji Illo. "Jikokinki nika ji ma tsoro."

Gwaggo ta tashi ta juye baƙar gyaɗar a murhu. Wuta ta kama, ɓal, don mai ne. Sai ta yi dariya: "To, ba a zubar ba. Ta zama itace." Abin da ya raba gardama ke nan. Matan unguwa da ke ƙyamar almubazzaranci suka samu mafita, yau gida gida ana tsince gyaɗa ana hura wuta da ta banza.

Illo, kai ne ka iya magana da masana a Dakar, ka kuma iya durƙusawa gaban gwaggonka. Ba ka ce ka gama gano sirrin cutar ba, kullum cewa kake da sauran aiki. Mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya. 'Yan makarantarmu, ku yi karatu irin nasa, wanda ke dawowa gida.

Ranar walimar bikin nasa, Gwaggo Tani ta ratsa manyan baƙi da sandarta, jikokin nan sun zama samari suna biye da ita da kwanon ƙuliƙuli. Ta dire shi a gabansa.

"Ci, Likitan Agwagi. Da hannuna na tsince ta."