Lahadin Mai Tsaron Ƙofa

A siton kafilinmu, Balaraben da muke wa aiki a ƙasarsu, can unguwar Khumra, ni ne mai raba wa ma'aikata ranakun aiki. Kowace Juma'a sai mu yi wanka mu tafi masallaci, mu bar wani ɗan Filifin, Kirista, yana tsaron ƙofa. Ba wanda ya sa shi, shi ya ce zai riƙe mana. Muka saba da hakan har shekaru suka ja, ban taɓa tambayarsa wace rana ce tasa ba.

Wata Lahadi da hantsi na same shi a bayan buhunan shinkafa, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi, ga mota na jiran lodi.

Na ce, "Yalla sadiƙ, abokina, barci kake yi a tsaye?"

Ya ce, "Ba barci ba ne, ya ammi, baffana. Yau ce Juma'armu."

Da muka zauna shan shayi, ya ba ni labari da gurgun Larabcinsa. Ya ce Kiristocin farko a birnin Rum ma haka suka yi. Lahadi ranar aiki ce, sai su taru a gidan wani da sassafe, su yi addu'a ƙasa-ƙasa, kowa ya kama gabansa. An kashe wasu a kan haka. Daga baya wani sarkin Rum ya ce a ƙyale su, ya gina wa Paparoman lokacin babban coci, ya kuma mai da Lahadi ranar hutu.

Na ce, "Shi Paparoman me ya yi wa sarki har ya samu wannan?"

Ya yi dariya. "Ban sani ba. Wataƙila haƙuri ya yi har abin ya iske shi."

"To kai ma sarkin kake jira?"

"Ni ina ni ina sarki? Mai raba ranaku nake jira."

Na kalli kofina. Coci dai ba a hannuna yake ba, amma safiyar Lahadi a hannuna take tun ranar da ya zo.

Na ce, "Halas, shi ke nan. Lahadi ka riƙa zuwa bayan azahar."

Lodin safiyar ni na karɓa, bayana ya ji jiki. Bai daɗe yana morar abin ba iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, ya koma gida. Juma'ar da ta biyo baya, muka fito da fararen kayanmu muka tsaya a bakin ƙofa, kowa na kallon ɗan'uwansa.