Turken da Na Tuge a Sabuwar Unguwa

Bari in faɗi laifina tun da farko, kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri, don ƙarin gishiri aikina ne. Ni ne na tuge turken simintin da ke kusurwar filin gabas da gidanmu. Da tsohuwar fartanyar Inna na tone shi, kuma abin da na yi da shi bai wuce bakin ragar ƙwallo ba. Wallahi a lokacin na ɗauka wani mai kuɗi ne ya yi wa akuyarsa turken zamani ya manta da shi. A Ruma, inda aka haife ni, gamba ce iyakar gona, ko itacen aduwa, ko wani tsoho da ya san kakan kowa. Ban taɓa jin an ce guntun siminti mai lamba a ka shi ke raba filin wani da na wani ba.

Mun baro Ruma shekarar da 'yan bindiga suka hana mu zuwa gonar bakin daji. Baba ya sayar da shanu biyun da suka rage masa, ya sayi fili a bayan garin Batsari inda aka yanka sabuwar unguwa, ya gina ɗaki biyu da ɗan zaure. Abokaina suka watse. Wasu Katsina, wasu Safana, ɗaya ma har yau ban san inda iyayensa suka kai shi ba.

Unguwar tamu suna kawai gare ta. Idan ka tsaya a ƙofar zaurenmu, abin da za ka gani katanga ce, bayanta wata katangar, ba ɗaki a ciki, ba hayaƙi, ba kukan jariri. Masu filayen 'yan kasuwa ne na cikin gari da na Katsina. Sun saya, sun zagaye, sun rubuta "ba na sayarwa ba ne" da jan fenti, sun koma gida suna jiran kuɗin ya tashi su sayar. Maƙwabtanmu na gaskiya ƙadangaru ne, kuma sun fi mu gida mai kyau. A Ruma idan Inna ta aike ni sayen gishiri da hantsi, gaisuwa kaɗai za ta kai ni azahar. A nan sai in wuni ban ce wa kowa ina kwana ba, ban da mutanen gidanmu. Har na taɓa yi wa wata katanga sallama don in ji muryata ta dawo. Masallacinmu rumfar kwano ce, sahunmu mutum huɗu. Ranar da ladan ya tafi ƙauye, Baba ne ladan, Baba ne liman, ni ne jama'a.

Inna ta fi kowa shan wahalar shirun. Ta saba idan ta sauke tukunya ta fara zuba na maƙwabta. Watanni tana zuba kwano guda na ƙari, ta rufe da faifai, sannan ta tsaya tana kallon ƙofa. Ni nake cinye shi, don kada a ce ba ni da tausayi.

Mutum ɗaya ne ba ya fashin zuwa unguwar, shi ne dillalin filaye. Gajere ne mai doguwar hula, yana yawo a kan babur mai tari kamar tsohon rago. Kullum sai ya tsaya wajen Baba.

"Malam, barka da arziki! Filin nan naka tun safe yake ƙara kuɗi kana zaune."

"To, madalla," in ji Baba. "Ka ce masa ya ƙaro mana maƙwabta."

"Maƙwabta na nan tafe. Duk wanda aka koro daga daji nan zai nufo. Wanda ya riƙe fili yanzu ya riƙe zinariya."

Ni na mai da dillalin nan abokin hira ƙarfi da yaji. Na ba shi labarin ƙadangaren da ya ɗauke mana kwanon tuwo ya haura katanga da shi, da guguwar da ta ɗaga akuyarmu ta sauke ta a kasuwa an riga an yi mata kuɗi. Yana dariya har hularsa na zamewa, yana kirana Sarkin Ƙarya.

A wannan zaman ne na tuge turken. Na kai shi tsakiyar fili, na ajiye rabin bulo a ɗaya gefen, na sami raga. Ni ne mai bugu, ni ne mai tsaron gida, ni ne 'yan kallo. Na ci kofuna da yawa a filin nan, ba wanda ya gani.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Batsari, sai ga wani dogon mutum da yaro sa'ana sun shigo filin. Suka gaisa da Baba gaisuwa irin ta gida, doguwa, har da tambayar dabbobi da damina. Mutumin Karare ne, manomin gyaɗa, shi ne mai filin. Ya ce zaman ƙauye ya fara gagara, yana so ya gina ɗaki biyu ya kwaso iyali kafin kaka. Zuciyata ta yi tsalle. Yaro sa'ana, katanga ɗaya tsakaninmu!

Sai na ga mutumin yana zagaya filin yana ƙirga wani abu a ƙasa.

"Ga ɗaya, ga biyu, ga uku. Ina na huɗun? Masu awo sun ce turakun iyaka huɗu suka kafa."

Na huɗun yana ƙarƙashina, ina zaune a kansa, na baza rigata na rufe shi. Ban motsa ba har suka tafi. Ya ce ciyawa ce ta rufe shi, mako mai zuwa zai zo da magini su duba.

Suna ɓacewa na rungumi turken na nufi kusurwa. Ruwan sama ya riga ya cike ramin, ba alama. Abin da na tuna kawai shi ne a gindin tumfafiya na tone shi. Na duba, sai ga tumfafiya biyu, tsakaninsu taku uku. Na yi niyyar in je in gaya wa Baba. Amma na tuna bulalarsa, na kuma tuna cewa a Ruma taku uku ba abin magana ba ne, akan bar wa maƙwabci fiye da haka don jakinsa ya wuce. Na zaɓi tumfafiyar da ta fi kama da mai gaskiya, na haƙa, na kafa, na tattake ƙasar, na watsa busasshiyar ciyawa.

Alhamis ta zagayo. Mutumin Karare ya ga turkensa ya ce, "Ka gani ko? Na ce yana nan." Magini ya ja igiya daga turke zuwa turke, aka fara haƙa harsashi.

Watanni biyun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a Batsari. Uban yakan koma Karare, ya bar yaron wajen wani kawunsa a cikin gari don ya riƙa shayar da bulo ruwa. Tare muke tura kurar ruwa daga famfon bakin titi. Shi ba mai yawan magana ba ne, amma idan ya jefo guda ɗaya sai ta zauna.

"Kai ɗan Ruma, tura mana. Bakinka kaɗai ke aiki."

"Ɗan Karare, ai ku gyaɗa ta cinye muku ƙarfi. A Ruma ni kaɗai nake ɗaukar buhun gero biyu, ɗaya a ka, ɗaya a aljihu."

"Shi ya sa wandonka ya yage."

Ya iya tsaron gida. Ranar da ya fara tare ƙwallona na ji haushi, sannan na ji daɗin da ban san yadda zan faɗe shi ba, don rabona da wani ya hana ni cin ƙwallo tun muna Ruma. Muka tsara yadda za mu bar ɗan rami a katangar da za ta raba gidajenmu, daidai wucewar kwano da kan mutum. Inna kuwa ta sami inda kwanonta zai tafi. Har ta fara tambayarsa ko innarsa ta iya dambu, ko tana da yawan magana, ko tana jin tsoron ƙadangaru. Gini ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ɗaki ɗaya ya kai taga. Ni kuwa na manta da maganar turke kamar ba ni na yi ba.

Sai wata Alhamis da hantsi mota ta tsaya. Wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a cikin gari, wanda ke da filin da ke jikin na mutumin Karare. Ban taɓa ganinsa ba sai ran nan. Kuɗin filaye sun tashi, ya sami mai saye, ya zo da dillali da mai awo don a tabbatar da iyaka. Mai awo ya buɗe takarda, ya ja tef, ya sake ja, ya cire tabarau ya goge.

"Alhaji, ginin nan ya shigo maka. Taku uku a kusurwa, yana tafiya yana tsukewa."

Mutumin Karare ya nuna turken. "Ranka ya daɗe, ga shaida. A kanta muka ja igiya. Ni ban taɓa cin iyakar kowa ba, a tambaya a Karare."

"Ban ce ka ci ba, Malam," in ji Alhajin. "Amma taku uku a unguwar nan yanzu kuɗin bijimi guda ne. Ko ka biya, ko ka rushe."

Na ga mutumin Karare ya dafa bulon da ɗansa ya yi wata biyu yana shayarwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni ne na tuge shi. Na yi raga da shi. Da na zo mayarwa sai na ga tumfafiya biyu."

Sai dillali ya fashe da dariya har ya dafa babur.

"Sarkin Ƙarya ya iso! Alhaji, kada ka kula shi. Wannan ne ya ce guguwa ta kai akuyarsu kasuwa."

Alhaji ya yi murmushi, mai awo ya yi dariya, har magini. "Yaro, je ka yi wasa, manya na magana," aka ce mini. Na rantse, na sake rantsewa, dariyar ta ƙaru. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne abokina ɗan Karare. Ya san idan ƙarya nake yi ni nake fara dariya kafin kowa. Ya dube ni, ya dubi turken, ya ɗauki bokitinsa ya koma bayan gini.

Baba ma ya yarda, da na maimaita masa a zaure bayan azahar. Bai taɓa bulala ba, kuma da ya taɓa da ya fi mini sauƙi. Ya sa hularsa ya ce in biyo shi. Muka sami mutumin Karare zaune a kan bulo. Baba ya durƙusa, abin da ban taɓa gani ya yi wa sa'ansa ba.

"Malam, ɗana ne ya jawo maka. Ni da shi za mu rushe, mu sake haƙa, mu yi lebura har a gama. Ba za ka biya ko sisi na aiki ba."

Mutumin ya ɗago kai. "Allah ya saka da alheri, Malam. Yaro ne, bai sani ba. Ni ma da ban zo birni ba ban san siminti na yin iyaka ba. Ba aikin ne ya dame ni ba. Gyaɗar bara ce gaba ɗaya a jikin ginin nan. Idan aka rushe, bulo ya farfashe, da me zan sayi wani siminti? Bana ko rabin gonar ban shuka ba."

Na durƙusa gaban mutumin na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, ɗana. Tashi, ƙasa da zafi."

Dillali ne ya kawo mafita, irin tasa. Wanda zai sayi filin Alhajin ya ce zai haɗa duka biyun, da ginin da komai, sai maganar iyaka ta mutu. Kuɗin da ya saka sun ninka kuɗin da mutumin Karare ya sayi filin. Za su isa ya sayi tsohon gida ginanne a Safana, kusa da 'yan'uwan matarsa. Kowa ya ce ya yi sa'a. Dillali har ya zo yi wa Baba murna, wai cinikin ya ɗaga darajar gidanmu, yanzu mu ma masu arziki ne. Baba ya ce masa madalla, ya shige ciki.

Na yi mako guda ina addu'a cinikin ya lalace. Na ma yi tunanin in gaya wa mai sayen cewa akwai aljanu a filin, sai na tuna ba wanda zai yarda da ni.

Ɗan Karare ya zo sau ɗaya bayan nan, da amalanke, don kwashe ragowar bulo da shebur da igiya. Na taya shi lodi ba tare da ya ce in taya ba. Da muka kusa gamawa, sai na ce masa Safana ba nisa, da gudu na taɓa zuwa na dawo kafin shayi ya huce.

"Ƙarya kake," ya ce. Ya ɗaure igiya, ya ja ta da ƙarfi. "Me ya sa ba ka gaya mini ba tun muna tura ruwa? Da tun ginin na gwiwa ne."

"Na manta."

"Ka manta."

Ya hau amalanken. Na ce ya gaida gida, ya ce za su ji. Na bi su a ƙasa har bakin titi, sannan na tsaya.

An yi cinikin a makon da ya biyo. Wanda ya saya ya rushe ɗakin, ya zagaye filayen biyu da katanga ɗaya, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, bai gina komai ba. Su kuma sun koma Safana kafin kaka. Ban sake ganin ɗan Karare ba.