Ɗakin da mijin yayata ya share

Shekarun da na yi ina gyaran waya a Lafia, shago ɗaya muka haɗa da mijin yayata. Mutum ne mai magani ɗaya ga kowace cuta: a goge komai. Ko kira waya ta ƙi ɗauka, sai ya ce a yi mata fulashin, wato a share ta tas a sake zuba mata tsari. Har yau ban ga wanda ya kai shi yarda da kansa a kan abin da bai sani ba.

Wata tsohuwa mai sayar da doya daga Agyaragu ta kawo mini wayarta. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina sabunta ta, manhajojin ciki duk sun tsaya. Na ce ta sayi wata, ta ƙi. Ɗanta direba ne, ya rasu a hanyar Doma, kuma saƙonnin muryarsa suna ciki.

"'Yata, ka gyara, amma kar ka taɓa muryan yaro," ta ce.

Na kwashe saƙonnin zuwa kwamfutata, na share wayar, na shiga haɗa mata sabon tsarin aiki da kaina. Ana yin wannan a wani keɓaɓɓen wuri cikin kwamfuta, masu harkar suna ce masa chroot, ni kuwa ɗaki nake ce masa. Na buɗe ƙofa tsakanin ɗakin da ma'ajiyar fayilolina don aikin ya riƙa ɗaukar abin da yake buƙata.

Aikin ya ba ni wuya. Rumbun intanet da ake sauko da manhajoji daga cikinsa ya sauya adireshi, makullan tantancewarsa sun tsufa, ga netwok kamar tafiyar hawainiya. In na gyara wannan, wancan ya ɓalle. Mijin yayata yana bayana yana tsaki.

"Ke dai kina son wahala. Goge ki sake, magana ta ƙare."

Na ce masa, "Yaya, don Allah kar ka taɓa, ƙofa a buɗe take." Ya yi dariya, wai yaushe kwamfuta ta yi ƙofa.

Na fita sallar la'asar. Kafin in dawo ya nemo umarnin gogewa a intanet, ya share ɗakin. Gogewar ta bi ta ƙofar nan ta cinye fayilolina kaf, har da muryar yaron. Bai tsaya nan ba, ya sauko da wasu manyan fayiloli a kan wurin, yadda ko mai ceto fayilolin da aka goge ba zai sami abin cetowa ba. Na tarar da shi yana cin gyaɗa, yana jiran godiya. Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba.

Daga baya tsarin ya haɗu, wayar ta tashi. Ranar da tsohuwar ta zo, shi ya riga ni miƙa mata, har da cewa, "Mama, an wanke miki ita tas, ta koma sabuwa."

Ta goge hannu a zaninta ta karɓa, ta kara a kunne tun ba a kunna komai ba.

"To, sa mini shi in ji."

Mijin yayata ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya ce bari ya duba mata cazar kyauta.